Murfin Tukunya a Gindin Tudu

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Na iso. Jirgin ƙasa daga Leeds ya makara minti arba'in, mai sanarwa ya ba mu haƙuri sau shida. Des ya tarye ni a tasha. Shekara talatin da takwas ke nan yana auren yayata Noreen, har yau bai gano abin da zai ce mini a cikin mota ba. Ya ce, "An yi ruwa jiya." Na ce na ga alama. Da wannan hirar muka iso gida.

Ranar Juma'a aka kai Noreen Gidan Tudu. Gidan yana da sunansa na takarda, sunan wani waliyyi, amma duk garin nan Gidan Tudu ake ce masa, kuma kowa ya san waɗanda ake kaiwa can: waɗanda likita ya gama nasa. Gado goma sha huɗu, lambu, tagogi masu kallon teku. A can Mama ta yi kwanakinta goma sha ɗaya na ƙarshe, shekara takwas da suka wuce.

Des ya ce an kai ta ne don a daidaita mata magani. Na ce to.

Ya sauke ni a tsohon ɗakinmu, don har yanzu a gidan da muka tashi suke zaune shi da Noreen. Gadon Noreen yana gefen taga, nawa yana gefen ƙofa. Nawa na shimfiɗa. Shekarata hamsin da tara, ban isa in hau na taga ba.

Talata, 3 ga Yuni, sha biyun rana

Ta rame. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Bakinta dai yana nan. Ina shiga ta ce wa nas ɗin, "Imelda, ɓoye jaridar nan, ga Farfesa ta zo, yanzu za ta zaro jan biro." Ni ba farfesa ba ce. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a jami'a ban kai wannan matsayin ba. Noreen ta sani sarai, shi ya sa take kirana haka.

Na kai mata inabi. Ta dube shi ta ce, "Inabi. Ashe da gaske ba ni da lafiya."

Sannan ta tambaye ni ko na yi rajistar tattaki. Duk shekara, a Asabar ɗin da dare ya fi gajarta, matan garin nan suna takawa mil goma cikin dare don tara wa Gidan Tudu abin da zai riƙe kansa. Mata zalla. Riga ruwan hoda, usur a wuya, kunnuwan zomo na roba masu walƙiya a ka. Tun rasuwar Mama ni da Noreen ba mu taɓa fashi ba, ita a gaba tana gaisawa da rabin gari, ni a baya da kunnuwana a cikin jaka. Sau takwas na yi tattakin nan ban taɓa sa su ba. Ina da digiri uku.

Na ce bana ban ga dalili ba.

Ta ce, "Dalilin yana kwance a gabanki, shashasha. Je ki yi rajista."

Laraba, 4 ga Yuni, uku na rana

Na yi. An ba ni riga, usur, kunnuwa, da katin da ake maƙalawa a baya. An buga masa "Ina tafiya don tunawa da", sai layi a ƙasa. Shekara takwas ina rubuta sunan Mama, Edna Threlfall, ba tare da na tsaya tunani ba.

Na sa shi a aljihun tebur na rufe.

Alhamis, 5 ga Yuni, biyar na yamma

Yau ta ce, "Zauna. A'a, ba can ba. Nan kusa, inda zan iya zaginki ba sai na ɗaga murya ba."

Na zauna.

"Kin san Shirun?"

Ina zan rasa sanin Shirun? A mil na shida hanyar tattaki tana bi ta gindin tudun da gidan nan yake. Da an zo wurin sai kowa ta kashe kunnuwanta, ta saki usur, a wuce ba tari ba atishawa, don kada a tashi marasa lafiya. Noreen ce ta kawo shawarar a shekarar da ta shiga kwamiti, kuma ita ce take tsare ta. Da idona na ga ta fizge usur daga bakin wata baiwar Allah mai jikoki.

Ta ce, "Imelda, gaya mata abin da kika gaya mini."

Imelda 'yar Filifin ce, shekararta goma sha biyu tana aiki a gidan nan. Ta ƙi da farko, ta hau gyaran filon da ba ya buƙatar gyara. Daga baya ta ce, "Daren tattaki ba mai barci a nan. Tun la'asar suke tambaya, yau ne ko? Mu tura gadaje bakin taga, mu buɗe. Sai mu jiyo ku tun daga wajen hasumiya, dariya, usur, waƙa. Su ce ga su nan, ga su nan. Da kun zo gindin tudu sai ɗif. Fitilu su mutu. Ba abin da ake ji sai takalma. Bara wani dattijo a ɗaki na shida ya ce mini, Sista, rufe tagar nan, ban tafi ba tukuna an fara rakiyata."

Na ce, "Me ya hana ku faɗa tun tuni?"

Ta zaro ido. "Mu ce wa mata ɗari takwas da suka taka mil goma saboda mu sun yi kuskure? Haba. Ai rashin kunya ne."

Mama a watan Janairu ta kwanta a nan, shi ya sa ba mu taɓa ganin daren daga ciki ba. Shekara takwas mata ɗari takwas suna shiru don kada su dami mutum goma sha huɗu, mutum goma sha huɗu suna shiru don kada su ɓata wa mata ɗari takwas rai. Da za a ce in taƙaita tarihin ƙasar nan a layi ɗaya, da na huta da shekara talatin.

Noreen ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni na jawo. Ba na so in kwanta a nan in ji abin da na jawo. Ina so in ji ƙara, Hilary."

Rabon da ta kira ni da sunana tun ranar binne Mama.

Na ce zan rubuta wa kwamiti.

Ta ce, "Ai na san za ki rubuta."

Asabar, 7 ga Yuni, goma na safe

Wasiƙar ta fito shafi biyu. Na kawo hujja uku, na rufe da godiya. Wasiƙa ce mai kyau.

Des ya ce an yi ruwa da asuba.

Talata, 10 ga Yuni, shida na yamma

Misis Ashworth, shugabar kwamiti, ta gayyace ni shan shayi. Ta fito da kofunan baƙi, masu zanen fure, waɗanda kunnensu ba ya shigar da yatsa. Tun nan na san an ƙi.

Ta ce, "Hilary, 'yar uwa, wasiƙarki ta taɓa mu ƙwarai. Na karanta ta a taro, mutum biyu sai da suka share hawaye."

Na ce madalla.

"Shi ya sa muka yanke shawara bana za mu sa masa suna Shirun Noreen. Kuma za mu tsawaita shi har kwanar coci."

Na ce mata, a hankali, cewa wasiƙar akasin haka take roƙo. Ta ce ta fahimta, amma mutum idan yana kan irin magungunan nan yakan faɗi abin da ba shi ke nan a ransa ba, kuma ita ta san Noreen ta gaskiya. Ga shi an riga an buga alluna.

Ta ce, "Kuma a shekara takwas ko mara lafiya ɗaya bai taɓa kawo ƙorafi ba."

Na ce, "Da wuya su dawo su kawo."

Ta dube ni, ta dubi faranti. Ta ce, "Ƙarin biskit?"

Na ci biyu. Ban san dalili ba.

Laraba, 11 ga Yuni, huɗu na yamma

Na ba Noreen labari. Ta yi dariya har sai da Imelda ta shigo ta ɗaga mata kai.

Da ta samu numfashi ta ce, "Shirun Noreen. Ni da ban taɓa yin shiru ba tun da aka haife ni." Sai ta rufe ido ta ce, "Murfin Mama yana ƙarƙashin matattakala, bayan gwangwanayen fenti. Ludayin yana rataye a kicin."

Na ce ban gane ba.

"Kin gane. Digiri uku."

Na ce ni ba zan tsaya a tsakiyar titi cikin dare ina buga murfin tukunya ba. Na ce a nemi wata daga cikin ƙawayenta, tana da su kamar ɗari huɗu. Ta ce ƙawayenta duk suna tsoron Misis Ashworth, ni kuwa ba na tsoron kowa sai abin da mutane za su ce.

Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 12 ga Yuni, tara na safe

Murfin yana nan inda ta ce. Ya fi yadda nake tunawa nauyi, tsakiyarsa duk ta lotsa.

Baba yakan yi sati uku a teku a jirgin kamun kifi, ya dawo kwana uku, ya koma. Mama tana yankan kifi a kasuwar tashar jirage tun asuba, hannayenta kullum ja kamar an dafa su. Mu kuwa muna bakin yashi daga tashi makaranta har rana ta yi sanyi, muna tonon ƙananan kaguwa muna sa su tsere. Sauran iyaye mata sukan fito su ƙwala wa 'ya'yansu kira da suna. Mama ta ce ba za ta kashe muryarta a kan iskar teku ba. Sai ta tsaya a ƙofar baya da murfin babbar tukunya da ludayin ƙarfe ta buga. Ana jinsa har hasumiya. Duk unguwa sun san an sauke abinci a gidan Edna. Noreen takan miƙe, yashi har gwiwa, ta cika huhu ta amsa, "Muna zuwa!" Ita take amsa mana mu biyu.

Ranar da Baba yake gida akwai soyayyen kifi da dankali. Ranar da ba ya nan akwai miyar kan kifi, wadda Mama take cewa ita ce ta sa na yi ƙwaƙwalwa, Noreen ta yi baki.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa ba. Ina shekara goma sha huɗu, bayan na shiga makarantar 'yan mata ta cikin gari, wata rana ina tafe a bakin teku da 'yan ajinmu biyu, 'yar likita da 'yar lauya. Sai murfin ya tashi. Ɗaya ta toshe kunne ta ce, "Wace mahaukaciya ce wannan?" Na ce, "Oho. Mutanen unguwar nan haka suke." Noreen tana bayanmu da kwandon wanki. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Ina zuwa!"

Ina, ba muna ba.

Asabar, 14 ga Yuni, biyar na yamma

Na kai mata murfin a cikin jakar cefane. Ta ɗora shi a cinya tana shafa lotsawar da babban yatsa.

Ta ce, "Na ji ki ranar nan, kin sani."

Na ce na sani.

"Ban taɓa gaya wa Mama ba."

"Me ya sa?"

"Ajiye shi na yi sai ranar da zan buƙace shi." Ta miƙo mini murfin. "Shekara arba'in da biyar ina jira. Ga ranar ta zo."

Na ce wannan ai tsabar mugunta ce. Ta ce ƙwarai kuwa, kuma mara lafiya ba a musu da shi.

Don in canja magana sai na ce, "Yaya ma take bugawa? Biyu sannan uku ko?"

Ta kusa faɗowa daga gado. "Biyu sannan uku? Ke a wane gida aka haife ki? Uku ne sannan biyu! Des! Des, gaya wa wannan baƙuwar."

Des, wanda ya tashi gida uku daga namu, ya ce shi ya daɗe, ba zai iya rantsewa ba. Ta kira shi matsoraci, ta kira ni 'yar Leeds. Ta buga da yatsa a ƙarfen gado, uku, biyu, uku, biyu, tana hararata.

Tun da na zo ban ga jini a fuskarta kamar yau ba.

Litinin, 16 ga Yuni, uku na rana

Ta tambayi katin. Na ce yana gida. Ta ce in kawo, sai na koma na ɗauko.

Ta ce, "Ba ki rubuta komai ba."

Na ce ban samu biro ba.

"Ke? Ba ki samu biro ba?"

Ta karɓi na Imelda. Ta daɗe tana rubutu, hannun yana kaucewa daga layi. Da ta miƙo mini, a ƙarƙashin "Ina tafiya don tunawa da" ta sa: "Noreen. Amma ba tukuna ba."

Na fita lambu na duba furanni. Suna nan lafiya.

Talata, 17 ga Yuni, bakwai na yamma

Barci. Ta sha cokali uku na shayi.

Laraba, 18 ga Yuni, bakwai na yamma

Barci. Likita ya kira Des cikin ɗakin nan mai kujeru masu laushi da kwalin hankicin takarda a kan tebur. Na san ɗakin. Ba su canja labulen ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, sha ɗaya na safe

Ta farka minti goma. Ta ɗauka ni Mama ce, ta ce in yi haƙuri ta jiƙa takalmanta na makaranta. Na ce ba komai, za su bushe.

Daga baya ta gane ni. Ta ce, "Yau wace rana?" Na ce Alhamis. Ta ƙirga da yatsu. Ta ce, "To."

Juma'a, 20 ga Yuni, takwas na yamma

Ba ta yi magana ba yau.

Des bai ce komai game da ruwa ba.

Asabar, 21 ga Yuni, shida na yamma

Imelda ta tare ni a baranda. Ta ce, "Ba a tambaye ni ba. Amma da ni ce, yau ba zan yi nisa ba."

Ana tashi ƙarfe goma. Kafin a kai mil na shida sai sha biyu ta wuce. Awa biyu da wani abu. Zan iya tsayawa a gindin tudu in jira su, amma Noreen ta ce tattaki, kuma wadda ta faɗo daga sama ba kati ba riga mahaukaciya ce kawai, ba mai bin ta. Idan na tafi, wataƙila in buga wa tagar da ba kowa a bayanta. Idan na zauna, zan riƙe hannunta mu ji takalma tare.

Na koma ɗakin na zauna a kujera. Na ce wa Des na fasa.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya yi mini magana mafi tsawo a shekara talatin da takwas. Ya ce, "Hilary, tashi ki tafi. Idan ta farka ta gan ki a kujerar nan, ni za ta ci wa mutunci, kuma ba ni da ƙarfi. Zan tura gadon bakin taga." Sai ya ƙara da cewa, "Ba za a yi ruwa ba."

Lahadi, 22 ga Yuni, tara na safe

Na sa kunnuwan. A rubuta wannan a tarihi.

Mun tashi daga filin ƙwallo da sauran haske a gefen teku. Murfin yana cikin jakar baya yana dukan ƙashin bayana a kowane taki. Wayata tana aljihun riga, a kan ƙirji, inda zan ji ta idan ta motsa. Mun wuce kasuwar kifi, wadda yanzu gidajen haya ne masu baranda. Mun wuce bencin da Des ya yi wata shida yana zama kusa da Noreen kafin ya iya tambayarta ko tana son alawa. Mun wuce daidai wurin da na ce mutanen unguwar nan haka suke. An sa kwandon shara a wurin.

Wata mata mai ƙiba da ke gefena ta ba ni alawar na'ana'a, ta ce ƙafafunta sun mutu tun mil na uku, gangar jikin ce kawai ba a sanar da ita ba. Wayar ba ta motsa ba.

Bayan hasumiya sai ga allunan. "Shirun Noreen." An zana musu kurciya. Kunnuwa suka fara mutuwa daga gaba zuwa baya, layi bayan layi, har duhu ya iso kaina. Misis Ashworth tana tsaye a bakin hanya da yatsa a leɓe. Na ɗaga kai. Tagogi goma sha huɗu, duk a buɗe, duk da fitila. Ban taɓa ɗaga kai ba a shekara takwas. Kullum ƙasa nake kallo, don girmamawa.

Takalma kawai. Dattijon ɗaki na shida ya yi gaskiya.

Na tsaya a tsakiyar titi na zuge jaka. Ludayin ya suɓuce ya faɗi, sai da na durƙusa na laluba shi tsakanin ƙafafun mutane. Na miƙe na buga.

Biyu, sannan uku.

Ban san ƙarfe yana da irin wannan murya ba. Mata ɗari takwas suka juyo. Wata ta ce, "Subhana, wace ce wannan?" Wata ta ce, "Ta sha ne." Misis Ashworth ta taho da sauri tana raɗa da ƙarfi, "Hilary! Don Allah! Marasa lafiya!" Na ce, "Su nake kira," na ƙara bugawa. Biyu, uku. Biyu, uku. Ni kaɗai. Ban san tsawon lokacin ba. Na gabatar da takardu a gaban manyan malamai masu jiran in yi tuntuɓe, ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Sai mai alawar na'ana'a ta haska bayana da wayarta ta karanta katin da ƙarfi: "Noreen. Amma ba tukuna ba." Ta ce, "Noreen tamu? Ita ta rubuta wannan? Wannan ai hannunta ne."

Kafin wata ta amsa, daga can sama, wani ya fara buga cokali a jikin kofi. Siririyar ƙara, kamar ta tsuntsu. Wata taga ta ɗauka. Sai muryar wani tsoho, a shaƙe, ta gangaro daga tudu: "Ku ƙara mana! Ba ma ji!"

Mai alawa ta sa usur a baki.

Ba zan ce duka suka bi ba. Wasu sun wuce da fuska a ɗaure, kuma za a yi shekara ana maganata a shagon burodi. Amma kunnuwa suka dawo da wuta, usur ya tashi, aka yi ta ihu ana ɗaga hannu ga tagogi, wasu suna kiran sunayen da ke bayansu. Misis Ashworth tana tsaye da yatsanta a sama, ta manta inda za ta ajiye shi.

Ban ƙarasa mil huɗun ba. Na hau tudun da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina makaranta.

Des yana tsaye a bakin gado. Ya ce, "Tun bugun farko ta buɗe ido. Tana ta ƙirgawa da yatsa. Ranta a ɓace yake."

Na matsa kusa. Idonta ɗaya ne a buɗe. Leɓenta ya motsa, sai da na sunkuya.

"Uku ne sannan biyu, Farfesa."

Na ce na ji.

Ta dubi kaina. Na manta ban kashe kunnuwan ba, suna ta walƙiya a jikin bango. Ta ce, "Sun dace da ke."

Ta koma barci.

Talata, 24 ga Yuni

Ƙarfe shida saura kwata na safe ta cika. Des yana riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya.

An yi ruwa.

Alhamis, 3 ga Yuli, huɗu na yamma

An gama komai. Cocin ya cika har waje, rabinsu da riga ruwan hoda a ƙarƙashin baƙin kwat.

Ɗazu Misis Ashworth ta zo da kek. Ta zauna a bakin kujera ta ce kwamiti zai sake duba batun mil na shida, ba wai don an yi kuskure ba. Na ce ko kusa. Da za ta fita ta tsaya a ƙofa tana gyara jaka, ta ce, "Murfin nan, yana nan dai ko?" Na ce yana nan.

Na rataye shi a ƙofar baya, a ƙusar da Mama take rataye shi. Ƙusar ba ta je ko'ina ba.

Des ya ga ina ratayewa. Ya ce, "Uku ne sannan biyu, kin sani. Tsoro ne ya hana ni faɗa ranar nan."

Na ce masa na gode.

Na sani. Tun ina shekara biyar na sani, ban taɓa mantawa ba ko na rana ɗaya, ko a Leeds. Amma kwana biyu ta yi ba ta buɗe ido ba, kuma na san yayata. Duk nisan da ta yi, ba za ta bar kuskurena ya wuce ba ta dawo ta gyara shi ba.